Kwangilar Gwamnati da Hannun Ɗan Gari

A Amurka akwai takardar shaida da gwamnatin tarayya ke ba ƙaramin kamfani idan ya tabbatar cewa aƙalla kashi 51 cikin ɗari na mallakarsa na hannun wanda aka bari a baya a zaman jama'a da tattalin arziki. Hukumar ƙananan sana'o'i ta ƙasar ce ke tafiyar da shirin, wanda ake kira 8(a), kuma kamfani yakan zauna a cikinsa shekara tara yana samun wasu kwangiloli ba tare da ya yi gogayya da manyan kamfanoni ba. Kenya ma, tun 2013, ta ware kashi 30 cikin ɗari na sayayyar gwamnati ga matasa da mata da masu buƙata ta musamman, su ma da takardar rajistarsu. Dalilin duka ɗaya ne: gwamnati ita ce babbar mai saye a yawancin ƙasashe, kuma inda kuɗinta ya sauka nan sana'a ke tsayuwa.

Najeriya ba ta da irin wannan takarda ga tsirarun ƙabilu. Sashe na 14(3) na tsarin mulkin 1999 ya yi maganar daidaiton wakilci, amma ƙarfinsa a kan rabon muƙamai ya fi bayyana. Dokar sayayyar gwamnati ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP, ta ba da damar fifita ɗan kwangilar gida a kan na waje, sai umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003 na 2017 ya ƙara da fifita kayan da aka ƙera a ƙasa. Duk wannan kariya ce daga baƙon ƙetare. Ba ta raba tsakanin kamfanin da ke da ofis a Abuja da magini mai yara goma a Runka ta Safana ba, alhali tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu ita ce matsalar mutumin Batsari da Safana a jihar Katsina.

Tazarar daga takardu take farawa. Mai neman aikin tarayya sai ya yi rajistar kamfani da CAC, ya kawo shaidar biyan haraji ta shekara uku, da takardar hukumar fansho, da ta ITF, da ta NSITF, sannan sunansa ya shiga kundin 'yan kwangila na BPP. A kan wannan akan nemi bayanin asusu da akanta ya duba, da wasiƙar banki, da shaidar ayyukan da ya taɓa yi. Jihar Katsina tana da tata hukumar sayayya da tata rajistar. An ɗan sauƙaƙa wani abu, domin dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani, kuma yawancin rajistar yanzu ta intanet ake yi. To amma a watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda 'yan bindiga, da Batsari da Safana a ciki, har tsawon watanni. Garuruwan da ke bakin dajin Rugu sun yi shekaru ana rufe kasuwa, ana barin gona, ana sayar da kadara don biyan kuɗin fansa. Maginin da ya rayu a haka, ta ina zai kawo shekara uku na ciniki a rubuce? Gwaninta yana da ita, shi ya gina rabin gidajen unguwarsu. Takardar ce babu. Sai aikin ajujuwa biyu na ƙauyensu ya faɗa hannun wanda ke tsoron hanyar, shi kuma ya sayar wa wani, wani ya sayar wa wani, a ƙarshe wannan maginin ne zai yi aikin da ragowar kuɗin, a kuma zarge shi idan bango ya tsage.

Saboda haka fifikon da ya dace da nan na wuri ne da girman jari, ba na ƙabila ba. Hausawa da Fulani ne mazauna yankin, kuma a inda rikici ya riga ya sa ƙabila a baki, takardar da za ta tambayi mutum asalinsa kafin a ba shi aiki ƙara wa wuta makamashi ne. Amurka ma ta gamu da wannan: a 2023 wata kotun tarayya a jihar Tenesi ta hana shirin 8(a) ɗaukar launin fata kaɗai a matsayin hujjar an danne mutum. Amurkawa suna da wani shirin da ya fi kama da buƙatarmu, HUBZone, na 1997, wanda ke duba inda kamfani yake: babban ofishinsa ya kasance a yankin da ke baya, kuma kashi 35 cikin ɗari na ma'aikatansa mazauna irin wannan yanki ne. Jihar Katsina na iya yin makamancinsa ga ƙananan ayyuka, irin su gyaran aji, kwalbati, kujerun makaranta da rijiyar burtsatse. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya shugabanci hukumar ƙananan sana'o'i ta tarayya, SMEDAN, kafin 2023, jihar kuma ta kafa hukumar KASEDA don ƙananan sana'o'i, don haka wurin ajiye rajistar ba shi ne abin nema ba.

Za a ce 'yan siyasa za su buɗe kamfanonin jaka da sunan yaransu na ƙauye. Za su gwada, kuma an ga haka a Afirka ta Kudu, har sai da wani gyaran doka na 2013 ya mai da fakewa da sunan wani laifi. Maganin shi ne kada a dogara da takardar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda kowa ya san sauƙin samunta. A je a ga shagon, a ga inji da ma'aikata, a haramta sayar da aikin, a kuma manna sunan wanda aka ba a jikin sakatariya da ƙofar hakimi. A garin da kowa ya san kowa, kamfanin bogi ba ya daɗewa a ɓoye idan an bayyana sunansa. Za a kuma ce inganci zai faɗi. Wannan magana tana da nauyi, shi ya sa babu mai cewa a ba kafinta gada. A sa iyakar kuɗi, injiniya ya duba kamar kullum, wanda ya kammala ƙarami a ba shi shaidar da za ta kai shi na gaba. Ɗan gari kuwa yana da abin da baƙo ba shi da shi, domin 'ya'yansa ne za su zauna a ƙarƙashin rufin.

Abin da aka fi mantawa shi ne biya. Dokar kuɗi ta 2020 ta ɗaga iyakar kuɗin somin aiki daga kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari ga 'yan kwangilar gida, amma sai da lamunin banki ko na inshora, wanda ƙaramin ɗan kasuwar Wagini ko Zakka da wuya ya samu. Idan ya ci bashin siminti a Dutsin-Ma aka riƙe masa kuɗi shekara guda, takardar da aka ba shi ta karya shi kenan. Dole tsarin ya zo da wa'adin biya a rubuce, da hukumar jiha da za ta tsaya masa a gaban banki.