Abzinanci Cikin Salon Waƙoƙin Fina-finan Hausa: Misalin Mdou Moctar

Manazarta waƙar baka sun saba kallon makaɗi a matsayin wanda ya gaji sana'a, ya kuma jingina da ubangida, sarki ko attajiri. Mahamadou Souleymane, Ba'abzinen Jamhuriyar Nijar da aka fi sani da Mdou Moctar, bai bi wannan tafarki ba. Iyayensa ba su amince da kiɗa ba, don haka da hannunsa ya harhaɗa jitarsa ta farko, da katako da wayar birkin keke.

A shekarar 2008 ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a Sakkwato. Abin lura a nan shi ne, baitocin na Abzinanci ne, amma ya zuba su cikin salon waƙoƙin fina-finan Hausa: kiɗan na'ura, da muryar da kwamfuta ta sarrafa. A ganina, mun tsananta bincike kan abin da waƙar Hausa ta aro daga Indiya, mun yi sakaci da abin da maƙwabta suka ara daga gare ta.

Babu kamfanin da ya rarraba faifan a lokacin. Daga wayar hannu zuwa wata waƙoƙin suka ratsa garuruwan Sahara, kafin kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a 2014.