Kimiyyar Tsayar da Kibiya: Yadda Ake Haɗa Abin Bara a Makaranta

Duk yaron da ya taɓa lanƙwasa itace ya ɗaura masa tsirkiya, abin da ya fara nema shi ne inda zai harba. Galibi yakan manna takarda a jikin bishiya ko a ƙyauren gida, ya ja da baya ya saki kibiya. A nan ne haɗari yake farawa. Kibiyar da ta sami itace mai tauri takan karye ko ta yi tsalle ta dawo, wadda ta kuskure kuwa takan wuce har inda maharbi ba ya gani. Saboda haka makarantar da ke son koya wa ɗalibanta harbin baka dole ta fara da haɗa abin bara, wato abin da ake aunawa a harba, tare da mazaunin da zai riƙe shi.

Harbin baka ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, inda maharba suka daɗe da sanin kyauro da kwari da dafin kwankwani. A duniya kuma ya zama wasa mai ƙa'ida. An kafa hukumarsa ta duniya a 1931, an kuma mayar da shi cikin wasannin Olamfik a 1972 a birnin Munik na ƙasar Jamus. A wasannin Olamfik ana harbi daga nisan mita 70 zuwa takarda mai faɗin santimita 122, mai da'irori goma da launi biyar: rawaya a tsakiya, sai ja, sai shuɗi, sai baƙi, sai fari. Tsakiyar takardar tana kimanin santimita 130 daga ƙasa. Mai koyo ba ya bukatar wannan nisa. Mita 10 ta ishe shi.

Me ya sa laushi ya fi tauri?

Kowane abu mai gudu yana ɗauke da kuzarin motsi, wanda ake aunawa da jul. Ana samun sa idan aka ɗauki rabin nauyin abin, aka ninka shi da gudunsa sau biyu. Alal misali, kibiya mai nauyin giram 20 da ke gudun mita 60 a daƙiƙa tana ɗauke da jul 36. Kafin ta tsaya, dole wannan kuzari ya ƙare a jikin abin da ta soka.

Ƙa'idar ita ce, ƙarfin da ya tsayar da kibiya, idan aka ninka shi da zurfin da ta shiga, daidai yake da kuzarin da ta zo da shi. Idan ta nutse santimita 15 cikin abu mai laushi, ƙarfin da ya tare ta niyuton 240 ne, kwatankwacin nauyin kilo 24. Idan kuwa katako ya tsayar da ita cikin santimita 1, ƙarfin ya zama niyuton 3,600, wato ninki goma sha biyar. Wannan ne yake tsaga kyauro, yake lanƙwasa tsini. Dutse ko ƙarfe ma ba sa barin ta ta shiga, sai su juyar da ita wani gefe. Ashe aikin abin bara shi ne ya tsawaita tsayuwar kibiya, kamar yadda mai tsaron gida yake janye hannuwansa baya idan ya cafe ƙwallo.

Haɗa katifa

Ana iya haɗa katifar bara da kayan da ke kowane gari. Hanya ta farko ita ce a sami babban buhun hatsi, a cusa masa tsummoki da tsofaffin ledoji, a danne su sosai, a ɗinke baki. Sai an cire maɓallai da zif daga tsummokin tukuna. Hanya ta biyu ita ce a yanka kwali falle-falle, a jera su ɗaya bisa ɗaya, a matse da igiya, a riƙa harbin gefen jerin. Ta haka kibiya take kutsawa tsakanin fallaye, gogayya ta riƙe ta, kwalin kuma ya daɗe bai lalace ba. Katifa mai santimita 80 tsawo da faɗi, da kauri santimita 30, ta isa ga ƙaramin baka. Malami ne zai fara gwada ta. Idan tsini ya ɓullo ta baya, sai a ƙara cusa.

Haɗa mazauni

Mazaunin da ya fi dacewa shi ne mai ƙafa uku. Dalilinsa ɗaya ne da na murhu: duwatsu uku sukan zaunar da tukunya ko da ƙasa ba ta daidaita ba, alhali tebur mai ƙafa huɗu yakan yi rawa. Ana bukatar katako uku masu tsawon santimita 180, a huda kawunansu a haɗa da dogon noti ɗaya, ƙafar baya a tsakiya. A buɗa ƙafafun gaba tazarar mita 1, a ja ta baya kimanin santimita 110, a ɗaure ukun da igiya daga ƙasa don kada su zame. Wannan zai sa mazaunin ya kishingiɗa baya da kimanin digiri 15. Daga nan sai a gitta wani katako a ƙafafun gaba, santimita 100 daga ƙasansu, a ɗora katifa a kai a ɗaure. Duk ƙusa ko noti ya kasance a bayan katifa, kada ƙarfe ya fuskanci maharbi.

Abin da ke kayar da mazauni

Da yawa suna zaton bugun kibiya ne yake kayar da mazauni. Lissafi ya nuna ba haka ba ne. Kibiyar giram 20 da ta nutse cikin mazauni mai kilo 20 ba za ta ba shi gudun da ya wuce santimita 6 a daƙiƙa ba, domin ya ninka ta nauyi sau dubu. Iska ce abokiyar gaba. Iska mai gudun mita 10 a daƙiƙa tana tura irin wannan katifa da ƙarfin kimanin niyuton 45, a tsayin mita 1.3, wanda ya ba da ƙarfin juyi kusan 59. Nauyin mazaunin, niyuton 200, yana aiki ne kimanin santimita 30 a bayan ƙafafun gaba, wanda ya ba da 60. Ke nan idan iskar ta biyo ta baya, kaɗan ya rage ya kife a kan kibiyoyin da ke jikinsa. Idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfinta yakan ninka huɗu. Maganin wannan, musamman da hunturu da farkon damina, shi ne a ɗaura buhun yashi a ƙafar baya, ko a kafa turke a ɗaure kan mazaunin da igiya.

Abin da ke bayan abin bara

Mai koyo yakan kuskure fiye da yadda yake samu, kuma kibiyar ƙaramin baka tana iya wuce mita 100 idan aka ɗaga hannu. Don haka a kafa mazauni a gaban tudun ƙasa ko doguwar katangar laka, nesa da hanya da rijiya da azuzuwa, a kuma kewaye filin da igiya. Kada a yi amfani da kibiyar farauta mai kunne, balle wadda ta taɓa shan dafi. Maharba su tsaya a layi ɗaya, su fara da busar usur ta malami, kada kowa ya tsallake layin sai an ajiye bakuna duka. Mai zare kibiya ya dafa katifa da hannu ɗaya, ya ja a miƙe, bayan ya duba babu kowa a bayansa.

Malamin kimiyya na iya mayar da wannan aiki darasi. Ɗalibai su auna nauyin kibiya, su auna zurfin da ta shiga cikin tsumma da kwali da yashi, su rubuta sakamako a jadawali, sa'annan su faɗi wanne ya fi tare ta da ƙarfi da kuma dalili. Ajin da ya yi wannan gwaji zai fahimci abin da ya sa ake cusa soso a cikin hular kwano, da abin da ya sa ake ƙera gaban mota yadda zai lotse idan aka yi karo.