Ko Ka San Yadda Ɗigon Jini Ke Zama Lamba?

Ko ka san cewa 'yar na'urar gwajin sukari, irin wadda ake gani a asibitoci da shagunan magani na Gumel da Maigatari, wutar lantarki take aunawa?

Sirrin yana jikin ɗan tsinken da ake soka mata. A bakinsa akwai siraran layuka na kabon ko zinare, waɗanda aka shafe da wani sinadari da ake kira inzayim. Wani nau'insa ma daga fumfuna ake samo shi. Da zarar jini ya taɓa wurin, sai inzayim ɗin ya kama sukarin da ke ciki, haɗuwar tasu ta haifar da 'yar wutar lantarki. Gwargwadon yawan sukari, gwargwadon ƙarfin wutar. Cikin 'yan daƙiƙoƙi na'urar za ta mayar da ƙarfin nan lamba.

Wani masani ɗan Amurka, Leland Clark, shi da abokin aikinsa Lyons ne suka fito da wannan dabara a 1962. A 1987 aka fara sayar da na'urar gwajin sukari ta ExacTech, mai kama da biro, wadda ta samo asali daga binciken Jami'ar Oxford ta Ingila.

Yanzu abin ya wuce sukari. Idan aka shafa wa layukan ƙwayoyin garkuwar jiki da ke kama furotin iri ɗaya tak, sai tsinken ya gano shi a cikin jini. Haka na'urar i-STAT ke gano turofonin, furotin ɗin da zuciya ke saki idan ta samu rauni, likita kuma ya ga sakamako a gefen gadon majinyaci cikin kimanin minti 10.

Sai dai inzayim ba ya jure zafi da laima. Yawancin kamfanoni na cewa kada a ajiye tsinkayen inda zafi ya haura digiri 30, alhali a arewacin Jigawa yakan wuce 40 a watan Afrilu. Tsinken da ya yini a mota ko a bakin taga zai iya ba da lambar ƙarya.

Don haka, mai ciwon sukari, rufe robar tsinkayenka da kyau, ajiye ta a inuwa, ka kuma duba ranar ƙarewar wa'adinsu kafin ka saya.