Malam-Buɗe-Littafi Mai Ƙetare Iyaka Ba Fasfo

Ina so in ba ku labarin wani ɗan ƙwaro da kowa ya sani amma ba kowa ya kula da shi ba, wato malam-buɗe-littafi. Sai dai kafin nan dole in faɗi kuskuren da na yi, domin shi ne mafarin wannan rubutu.

A zangon farko na bara, malaminmu na ilmin halittu ya nuna mana hoton wani malam-buɗe-littafi a cikin littafi. Baƙi ne wuluk, da jan zane a kan fukafukansa, da ɗigo-ɗigon fari a bakin fukafukan gaba. Turawan Ingila suna kiransa Red Admiral, wai babban hafsan sojan ruwa mai jan kaya, masana kuwa suna ce masa Vanessa atalanta, Linnaeus kuma, mutumin ƙasar Suwidin, shi ya fara ba shi sunan kimiyya a 1758. Ni kuwa nan take na ɗaga hannu na ce, "Malam, ai akwai irinsa a gonarmu a Gangara." Malam ya yi murmushi ya ce, "To yaro, in ka je hutu ka duba da kyau, ka dawo ka gaya mana."

Da aka ba mu hutun tsakiyar zango a watan Oktoba, sai na tafi gona na zauna kusa da sabarar da ke bakin iyakarmu, na yi ta jira. Ga su nan kuwa suna ta sauka a kan fure. Amma da na kama ɗaya a hankali na duba, sai jikina ya yi sanyi. Wannan ba baƙi ba ne. Ruwan goro ne da ɗigon baƙi, sai bakin fukafukan gaba ne kaɗai baƙi mai ɗigon fari, wanda shi ne ya ruɗe ni. In ya rufe fukafukai kuwa, sai ka ga launin ƙasa da 'yan zagaye kamar idanu. Na koma makaranta na amsa laifina gaban aji, aka yi mini dariya, na kuwa sha ta.

Ashe wancan na cikin littafi ba ɗan ƙasarmu ba ne. Mazauninsa shi ne Turai, da Arewacin Afirka, da wani sashe na Asiya, da Arewacin Amurka. Tsutsarsa tana cin wani ganye mai ƙaiƙayi da ke fitowa a ƙasashen sanyi, shi kuwa babban yana shan zumar fure da ruwan ruɓaɓɓun 'ya'yan itace. In sanyi ya wuce yakan tashi daga bakin Bahar Rum ya nufi arewa. Wanda na kama ɗan'uwansa ne na jini, Vanessa cardui, wanda Turawa ke kira Painted Lady, wato mace mai kwalliya. Kuma wallahi da na bi labarinsa, sai na ga namu ya fi na littafin abin mamaki nesa ba kusa ba.

Rayuwarsa dai kamar ta sauran ce. Macen takan sa ƙwai ɗai-ɗai a kan ganye, bayan 'yan kwanaki tsutsa ta fito, ta saƙa wa kanta ɗan rufi na zare ta ɓuya tana ci. Ba ta da zaɓen abinci: tana cin tsire-tsire iri-iri, har da dangin kuɓewa da rama. In ta ƙoshi sai ta rataye kanta ta daskare cikin kwanso, bayan kamar mako guda ko kwana goma ta fito da fukafukai. An koya mana ƙwaro ƙafa shida gare shi, amma da na ƙirga na wannan sai na ga huɗu. Na ƙara dubawa, ashe biyun gaba ƙanana ne, a naɗe suke a ƙirji. Da ƙafafunsa kuma yake ɗanɗana ganye.

To, ga inda maganar take. Wannan abu da nauyinsa bai kai giram ɗaya ba, yawancin waɗanda ake gani a ƙasashenmu na bakin hamada a ƙarshen damina baƙi ne. In sanyi ya gabato a Turai, sai su taso su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare hamadar Sahara, su sauka a daidai lokacin da ruwa ya ɗauke amma ciyawa tana nan kore shar. Wasu kan yi kilomita 4,000 a wannan tafiya. A nan suke hayayyafa. In ƙasa ta bushe 'ya'yansu su ƙara yin kudu, daga baya jikoki su juya arewa. Zuwa da dawowa yakan kai kilomita 12,000 zuwa 14,000, amma ba mai rai ɗaya ke gama shi ba, don babban ba ya wuce 'yan makonni a duniya. Sai an yi haihuwa kamar shida ko fiye. Abin da har yanzu nake juyawa a raina shi ne, wanda ya tashi daga nan bai taɓa ganin Turai ba, ba kuma wanda ya nuna masa hanya.

Da can Turawa sun ɗauka sanyi ne ke kashe su a ƙasarsu, don suna ganin zuwansu amma ba sa ganin tafiyarsu. A 2009 na'urar hangen sararin sama ta nuna cewa wajen miliyan 11 suka shiga Ingila, miliyan 26 suka fita, suna tafiya can sama, fiye da mita 500 daga ƙasa, inda ido ba ya kai wa. A 2014 kuma wani masani ɗan ƙasar Sifen, Gerard Talavera, ya bi sawunsu zuwa Cadi da Binin da Sanagal da Habasha, ya same su suna hayayyafa.

Amma labarin da ya fi burge ni shi ne wannan. A watan Oktoba na 2013, shi dai wannan masani ya tsinci waɗansu a bakin teku a Giyana ta Faransa, can Kudancin Amurka, inda ba a san su ba, fukafukansu duk sun yayyage. Shekara goma ana bincike, sai a 2024 aka bayyana sakamako. An sami garin fure manne a jikinsu, da aka auna sai aka ga na sabara ne da na kurna! Sabarar nan da muke yankewa mu yi shinge, da kurnar da muke jifa muna yara. Wato daga Afirka ta Yamma suka tashi, iska ta taimake su, suka ƙetare Tekun Atlantika, kilomita 4,200 ko fiye, cikin kwana biyar zuwa takwas, ba ci ba sha.

Da na ba kakata wannan labari sai ta ce, "Kai maigida, boko ya fara juya maka kai. Wannan ɗan abin da kaza ke cafkewa?" Na ce, "Iya, har Turai." Ta yi shiru, can ta ce, "To shi wa ke tambayarsa takarda a Magama?" Na san abin da take tunawa. A watan Agusta na 2023 aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar, ba a buɗe ba sai Maris na 2024, ita kuwa ƙanwarta tana aure a Maraɗi, duk tsawon lokacin nan ba su ga juna ba. Su kuwa waɗannan ƙwari ta samanmu suke wucewa, ba ruwansu da shinge.

Saura maganar feshi. Lokacin da baƙin nan ke sauka shi ne lokacin da ake yi wa wake feshin magani, maganin kuwa bai san tsutsar da ke ɓarna da wadda ba ruwanta ba. Ban ce a daina ba, don na san da kuɗin waken nan ake saya mini sabulu da littattafai. Abin da na roƙi Baba kawai shi ne ya bar sabarar bakin gona da ciyawar da ke gindin kurna, kada a fesa musu, kada kuma a ƙone su da wuri. Ya dube ni ya ce, "Kurna da sabara na bar maka. Amma wake, ko daga Ingila tsutsa ta zo, sai na fesa." Bana na tanadi littafin rubutu guda, zan riƙa rubuta ranar da na fara ganinsu da yawan da na ƙirga. Duk wanda garinsu ke wajen Jibiya ko Kaita ko Batsari, in yana so mu haɗa lissafi, ya same ni a ɗakin karatu bayan sallar la'asar.