Makamin Nukiliya Ma Yana Tsufa

Duk maharbi ya san cewa bindigar da ta daɗe a rataye ba a amince mata sai an gwada, domin albarushi yakan sha raɓa. Wannan matsala ita ce ke damun ƙasashe tara da ke da makaman nukiliya. Akwai irin waɗannan bama-bamai kimanin 12,000 a duniya, kuma mafi yawansu suna hannun Amurka da Rasha.

Bam ɗin nukiliya ba ya zama yadda yake har abada. A cikinsa akwai wata iska da ake kira tiritiyam, wadda ke ƙara masa ƙarfi. Rabinta yakan lalace cikin shekara 12, don haka tilas a riƙa sake ta. Wayoyi da sauran kayan haɗinsa su ma suna tsufa.

A da, idan ana son a tabbatar da lafiyar makamin, sai a fasa guda ɗaya a gani. Tarayyar Sobiyet ta daina yin haka a 1990, Amurka a 1992, Faransa da Sin kuma a 1996. A yanzu masana ne suke kwance bam ɗin su duba kayan cikinsa, sa'an nan su yi lissafi da manyan kwamfutoci don su san abin da zai faru idan aka fasa shi.

Amma rokar da ke ɗaukar bam, ita ana ci gaba da harba ta ba tare da bam ba. Ba kullum ake dacewa ba. A 2016, Ingila ta harba rokarta mai suna Trident daga jirgin ƙarƙashin teku, sai ta saki hanya. Da aka sake gwadawa a 2024, sai ta faɗa ruwa kusa da jirgin.

Abin tsoro shi ne kada shakka ta sa wata ƙasa ta koma fasa bam, sauran su bi sahu. Afirka ta taɓa ɗanɗana wannan. A 1960 Faransa ta fasa nata a hamadar Aljeriya, jama'a suka firgita da gubar da iska za ta iya kwasowa. Saboda haka ne Nijeriya ta yanke hulɗa da Faransa a farkon 1961.

An ƙulla yarjejeniyar hana gwajin baki ɗaya a 1996, amma har yau ba ta fara aiki ba, domin wasu manyan ƙasashe ba su tabbatar da ita ba.