Ko Kun Sani? Karen da Ya Mutu a Gaɓar Ƙasusuwan Dā

A kudancin Ingila akwai gaɓar teku mai tsawon kusan kilomita 150, daga Devon zuwa Dorset, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihin duniya a 2001. Duwatsunta sun adana tarihin shekaru miliyan 185. In guguwar hunturu ta zaftare gangaren, sai ka ga wata halitta mai kama da dodon koɗi da ta zama dutse, a murɗe kamar gammo, kwance cikin tsakuwa.

A garin Lyme Regis da ke wannan gaɓar aka haifi Mary Anning a 1799, 'yar kafinta, talaka. Tana da shekara 12 ita da yayanta suka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku da ta daɗe da ƙarewa. Abokin yawonta karenta ne, Tray. A 1833 gangare ya rufto, ya danne shi a gabanta. Ita kuwa da ƙyar ta sha. Mutum-mutuminta da aka kafa a garin a 2022 har da Tray a gefenta, kuma ya cancanci haka.

Duk mai zuwa can da kare, ya jira ruwa ya ja baya, ya riƙe igiyarsa, ya nisanci gindin gangaren.