Tsakanin "navet" da "nanar": yadda ake ba'a ga fim maras kyau a Faransa

Faransanci yana da kalmomi biyu na kiran fim ɗin da bai yi kyau ba, kuma ba ma'anarsu ɗaya ba. Ta farko ita ce "navet". Asalinta sunan wani kayan lambu ne mai farar saiwa, wanda ɗanɗanonsa lami ne. Daga nan aka faɗaɗa ma'anarta ta koma fim mai gundura, wanda ba ya barin komi a zuciyar mai kallo. Ta biyu ita ce "nanar", wadda a da ake kiran tsofaffin kayan da ba su da daraja da ita. A yau tana nufin fim ɗin da lalacewarsa ta kai matuƙa har ta zama abin dariya, alhali waɗanda suka shirya shi da gaske suke yi.

A kan wannan bambanci aka gina dandalin Nanarland, wanda wasu matasa na birnin Grenoble suka kafa a intanet a shekarar 2001. Daga baya suka fito da shirin bidiyo mai suna "Escale à Nanarland", inda ake ɗauko fim, a nuna guntayensa, a bi su da sharhi na barkwanci. Cikin fina-finan da suka yi suna a wurinsu akwai wani na ƙasar Turkiyya na 1982, wanda aka cusa wa hotunan Star Wars ba da izini ba, da kuma na Godfrey Ho na Hong Kong, wanda a da yakan haɗa sassan fina-finai dabam-dabam ya mayar da su ɗaya.

Abin da ya shafi ɗalibin ilimin harsuna a nan shi ne hanyar da ake haifar da dariyar. Babban makamin mai sharhi shi ne gatse. Yakan yabi abin da kowa yake ganin aibinsa, da murya ta natsuwa irin ta malami, har ya kira ɗan wasan da ya kasa gwani. Ma'anar maganarsa ba a cikin kalmomin take ba, tana cikin saɓanin da ke tsakanin abin da kunne ya ji da abin da ido ya gani. In aka cire hoton, sai gatsen ya koma yabo tsantsa.

Makami na biyu shi ne fassarar murya. Da yawa daga cikin fina-finan nan an juya su zuwa Faransanci cikin gaggawa, sai jarumi ya yi magana da karin da bai dace da halin da yake ciki ba, ko ya furta jimlar da nahawunta daidai yake amma ba mai faɗin ta a rayuwa. Wannan yana tabbatar da cewa sanin ƙa'idar harshe dabam, sanin muhallin magana dabam.

A ma'aunin Hausa, shirin ya fi kusa da ba'ar taubasai fiye da zambo. Mai zambo nufinsa ya ƙasƙanta, taubashi kuwa yana tsokanar wanda yake ƙauna. Shi ya sa masu Nanarland suke nemo ƴan wasan da aka manta da su, su yi hira da su cikin girmamawa.